Yadda Ake Daidaita Kan Kibau Don Su Riƙa Faɗawa Wuri Ɗaya Daga Nesa

Ka tsaya mita arba'in daga buhun da kake harbi, ka ɗana kibiya, ka ja tsirkiya yadda ka saba, ka saki. Ka maimaita sau shida, ƙafarka ba ta gusa ba, idonka bai bar alamar ba. Da ka je ɗaukowa sai ka tarar ɗaya ta hau sama, biyu sun caki ƙasa kafin su isa, ɗaya ta yi gefe. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya san hannunsa yake fara zargi. Ni ma haka na yi ta yi, har ranar da kawuna, tsohon maharbi a wani ƙauye na bakin Gulbin Kabi kusa da Argungu, ya karɓi kwarina ya zazzage kibau a kan tabarma. Ya riƙa ɗaukarsu ɗai-ɗai yana ɗora wa yatsa, yana jujjuyawa. Sai ya ce, "Ɗana, ba hannunka na ba. Kibau ɗin ga ba uwa ɗaya ta haihe su ba."

Gaskiyarsa. Wata kanta ya fi nauyi, wata tsininta ya fi tsawo, wata ƙarfen ya zauna a karkace cikin kyauro. Kusa-kusa duk wannan ba ya nunawa. Nisa ne ke tona shi.

Ga lissafin. A ce kibiyarka na gudun mita 45 a daƙiƙa. Kafin ta ci mita 15 ta sauka kimanin rabin mita, kafin ta ci mita 40 kuwa ta sauka kusan mita huɗu, domin saukar tana ninkuwa ne gwargwadon lokacin da ta ɗauka a iska. In kibau biyu masu nauyin giram ashirin da 'yan kai suka bambanta da giram ɗaya tak, mai nauyin za ta fita a hankali kaɗan. A mita 15 tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin yatsa ba. A mita 40 sai ta kai tafin hannu ko fiye. A gasar Olamfik, inda ake harbi daga mita 70, da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta santimita 12.2 ne kacal. Ka ga ke nan giram ɗaya ya isa ya raba mutum da kyauta.

Akwai kuma abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a wurinmu. Kibiyar Turawa tana da gashi a gindi, gashin nan yana gyara mata tafiya ko da ta fita a karkace. Tamu ta gargajiya ba ta da shi. Je ka gidan tarihi na Kanta a Argungu ka dubi tsofaffin makamai, ko ka leƙa kwarin kowane Sarkin Baka: kyauro ne tsirara da ƙarfe a kai. Nauyin ƙarfen shi ke jan kibiya gaba, shi ke hana gindi ya wuce kai. Saboda haka duk aibin da ke kan, babu mai rufa masa asiri.

Masu gasar harbin bindiga daga yadi 1,000 a Amurka da Ingila ma da wannan matsalar suke fama. Bakin harsashin gasa yana fitowa daga masana'anta ba daidai ba, sai su aske shi ya zama bai ɗaya, alhali sun san askin yana rage masa iya keta iska kaɗan. Sun yarda su yi wannan 'yar asarar don harsasan su yi kama da juna. Mu a nan bindiga ba fagenmu ba ce, doka ma ta ɗaure ta da lasisi, amma hikimar ta shafe mu: kibau shida masu tsini matsakaici iri ɗaya sun fi shida masu kaifi kowace da halinta.

Kayan aiki

Magagari mai laushin haƙori, sanfefa, dutsen wasa wuƙa, awon tela ko rula, biron maka na sa alama, zare mai ƙarfi ko jijiya, gam ɗin nan mai kama da kyandir da ake narkawa da wuta, guntun katako mai tauri, wosha ɗaya, da ledar fiya wata guda da ba a fasa ba. Abu mafi muhimmanci shi ne ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinari, wanda ke nuna giram da ɗigonsa. A kasuwannin Yauri da Gusau ba ya wuyar samu, kuma in ba ka da kuɗin saye, aron yini ɗaya ya ishe ka. Sikelin awon nama ko na tumatir ba zai yi ba, domin abin da muke nema ƙasa yake da abin da yake iya gani.

Fara da maƙeri

Kada ka ce ya ƙera maka shida in shida kake so. Ka ce goma sha biyu, daga sandar ƙarfe ɗaya, a zama ɗaya. Ka gaya masa na harbin buhu ne: babu kunne, babu faɗin baki, babu dafi. Kan ya zama mulmulalle, ya tafi yana sirancewa zuwa tsini, da kafaɗa a inda zai tokari bakin kyauro, sannan wutsiya siririya wadda za ta shige ciki. Kibiya mai kunne tana yayyaga buhu, kuma wajen cire ta ne ake lanƙwasa wutsiya ba a sani ba. Mai faɗin baki kuma iska na kama ta kamar filafili. Kafaɗar ta ɗan fi kyauro kauri da ƙyar, don in kibiya ta nutse a buhu kada naɗin zaren ya kwaɓe.

Maƙeri da ido yake aiki, kuma idon gwani ne, amma ido ba sikeli ba ne. Kada ka ga laifinsa in sun bambanta. Sauran aikin naka ne.

Da ka kawo su gida, ka goge baƙin wuta da sanfefa, ka auna kowane, ka rubuta nauyinsa a takarda ka ɗora shi a kai. Jera su daga mara nauyi zuwa mai nauyi. Biyu na can ƙasa da biyu na can sama ka ware su gefe, ka yi aiki da takwas na tsakiya. A cikin takwas ɗin, mafi ƙarancin nauyi shi ne ma'auni, domin ragewa ake iya yi, ƙari ba ya yiwuwa.

Kafin ka taɓa magagari, mirgina kowane a kan gilashi ko tayil, wutsiyar tana leƙowa waje. In tsini ko wutsiya na rawa, to a lanƙwashe yake. Ƙaramin lanƙwasa kana iya miƙe shi da ɗan bugun guduma a kan katako. Babba kuwa ka mayar wa maƙeri.

Askin tsini

Nan ne nake so ka natsu, domin nan mutane suka fi ɓata aiki. Yawanci mutum zai riƙe ƙarfe a hannu ya yi ta goga tsini har sai ya ga ya yi masa kyau. Sakamakon shi ne kowane kai ya fito da nasa tsawon da nasa karkacen.

Ka yi wa kanka ma'auni na katako. Auna kowane kai daga kafaɗa zuwa tsini, ka gano mafi gajarta. Ka sa kafinta ya yanka maka guntun katako mai tauri, irin maɗaci ko ƙirya, ya huda shi tsaye cak, hudar da kan zai shiga ba tare da ya yi lilo ba. A fuska ɗaya ka manna wosha. Kaurin katakon haɗe da woshar ya gaza tsawon gajeren kan nan da kamar rabin milimita. A ɗaya fuskar kuma kana bukatar abin da zai tsayar da kowane kai a zurfi ɗaya: ka zana layi da maka daidai kan kafaɗa, ka tura har layin ya yi daidai da fuskar katako, ka riƙe wutsiya da filaya. Daga kafaɗa ake awo, ba daga ƙarshen wutsiya ba, domin wutsiyoyin ba tsawonsu ɗaya ba, kuma kafaɗa ce ke zama a bakin kyauro.

Yanzu tsinin zai leƙo ta cikin woshar, wani da yawa, wani kaɗan. Ka kwantar da magagari a kan wosha ka goge abin da ya leƙo har ka ji haƙoran sun fara zamewa a kan woshar. Tsaya nan. Kada ka ƙara ko sau ɗaya. Da ka zaro, za ka ga ɗan fili mai sheƙi a bakin tsini. Wanda ya fi tsawo filinsa zai fi faɗi.

Sai a maido da siffa. Ka shafe wajen tsinin da maka gaba ɗaya, ka riƙe wutsiya tsakanin yatsu, ka kwantar da gefen tsini a kan dutsen wasa kana murzawa kana ja. Murzawar ita ce sirrin: in ka ja ba ka murza ba, gefe ɗaya zai ci fiye da ɗaya, tsini ya bar tsakiya. Tawadar maka za ta nuna maka inda dutse ya ci da inda bai taɓa ba. Ka ci gaba har filin nan ya ragu ya koma kamar faɗin milimita ɗaya, da'ira sosai, a tsakiya sosai. Kada ka shafe shi ya koma allura. Tsini mai kama da allura harbi biyu yake yi ya naɗe, kuma kowane ta nasa gefen zai naɗe, aikinka ya tashi a banza. Ɗan filin nan yana shiga buhu lafiya, yana kuma jure dukan ƙasa.

In kana son tabbatarwa, ka sami ƙaramar wosha ko goro na ƙusa mai ƙaramar huda, ka zura kowane tsini. Duk su leƙo da tsawo ɗaya. Wanda ya leƙo kaɗan ya yi kauri, a ƙara masa dutse.

Yanzu koma sikeli. Za ka lura askin tsini bai rage wani nauyi na a-zo-a-gani ba, domin ƙarfen wurin kaɗan ne. Kuskure ne a nemi daidaita nauyi ta tsini. A wutsiya ake ragewa. Sandar ƙarfe mai kaurin milimita 4, duk milimita ɗaya da ka yanke daga tsawonta giram 0.1 ne, mai kaurin milimita 5 kuma kimanin 0.15. Wutsiya ta fi haka siranta, don haka kana da sararin ragewa a hankali. Goga uku, auna. Goga uku, auna. In bambancin ya kai rabin giram, kada ka cinye wutsiyar duka, ka rage wani daga jikin kan ta bayan kafaɗa zuwa tsakiya, kana murzawa kamar ɗazu. Ni ina tsayawa ne idan duka takwas suka shiga cikin giram 0.1 na juna. Aikin yamma guda ne, da rediyo a gefe.

Kyauro

Kai mai kyau a kan kyauro mara kyau asarar wahala ce. Ka yanko shi a fadama bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da ya ƙosa, ka ɗaure dami-dami ka jingine a inuwa ya yi makonni. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kyauro sai ya bushe ake miƙe shi: ka shafa masa ɗan man gyaɗa, ka kara wurin da ya karkace a saman garwashi, ba harshen wuta ba, ka miƙe da babban yatsa, ka riƙe har ya huce. A kan gaɓa ka bi a hankali, nan yake karyewa.

Ka yanka su tsawo ɗaya, gaɓa ta ƙarshe ta faɗo dab da inda za ka yanka gurbin tsirkiya, don kada gindin ya tsage. Ka auna nauyi kamar yadda ka yi wa ƙarafa. Sannan gwajin tauri: kafa ƙusa biyu a bango, tsakaninsu santimita 50, ɗora kyauro, rataya ledar fiya wata a tsakiya. Ruwan cikinta rabin lita ne, wato rabin kilo. Yi alama a bango inda kyauron ya sauko. Juya shi kaɗan-kaɗan kana dubawa, za ka ga akwai gefen da ya fi tauri. Sa masa ɗigon maka. Waɗanda suka sauko wuri ɗaya su ne 'yan ɗaki ɗaya. Daga ashirin kana iya samun takwas, kana iya samun biyar. Gurbin tsirkiya kuma ka yanke shi yadda ɗigon nan zai riƙa kallon jikin baka a kowace kibiya, kuma zurfinsa da faɗinsa su zama ɗaya, ya kama tsirkiya ba matsewa ba sako-sako.

Haɗawa

Naɗe bakin kyauro da zare tukuna kafin ka soka wutsiya, in ba haka ba zai tsage. Ka yanka zaren kowace kibiya tsawo ɗaya, domin zare da gam ma nauyi ne. Buɗe hanya a tsakiyar ɓargon kyauro da siririyar waya, kana juya kyauron, ba wayar ba. Ɗumama wutsiya kaɗan, shafa gam, tura har kafaɗa ta zauna.

Tun gam bai sandare ba, tsayar da kibiya a kan tsininta bisa faranti, ka murza ta kamar katantanwa, yatsunka biyu sun yi mata zobe a sama. In ta juya shiru, ta zauna daidai. In ka ji tana kakkarwa, ka duba inda kafaɗa ke rawa, ka ɗan ɗumama, ka juya kan kwata, ka sake gwadawa. Wannan ne dalilin da na fi son gam mai narkewa a kan sufa gulu: yana ba ka damar gyara sau goma. Sufa gulu ɗigo ɗaya a kan naɗin zare kawai ya dace da shi. Kawuna da jijiyar saniya yake naɗi, wadda ke ƙara matsewa in ta bushe, kuma har yau ban ga zaren da ya kai ta riƙo ba, sai dai damina na sassauta ta.

Bayan haka ka ɗora kowace kibiya a kan bayan wuƙa ka nemo inda take tsayawa ba ta rinjaya ba. Nawa tsawonsu santimita 70 ne duka da kai, kuma suna tsayawa a 49 daga gindi, wato santimita 14 gaba da tsakiya, kashi 20 cikin ɗari na tsawon. Masu kibiya mai gashi suna wadatuwa da kashi 10 zuwa 15. Tamu tana son fiye da haka. In wurin tsayawar ya matso tsakiya, za ka ga gindinta na yawo a iska. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne duka su tsaya wuri ɗaya, kada su saɓa da fiye da rabin santimita. Ka sake aunawa a sikeli. Wadda ta gaza da ɗan kaɗan, ƙara mata zagaye biyu-uku na zare. Rubuta wa kowace lamba a gindi.

Gwaji a fili

Cika buhun shinkafa da tsofaffin gidan sauro da tsummoki, ka danna sosai. Ɓuntun shinkafa kaɗai ba ya tsayar da kibiya yadda ake so, kuma yashi na cinye tsinin da ka sha wahalar gyarawa. Bayan buhun ya kasance tudu ko katangar ƙasa, ba hanya ba, ba gona da ake aiki a ciki ba, ba inda yara ko dabbobi ke gilmawa ba. Kuma da yake kowa ya san halin tsaro da ake ciki a Zamfara da sassan Kebbi, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri inda kake atisaye da lokacin, ka ɗauki kwarinka a naɗe cikin buhu in za ka bi hanya. Wannan ba tsoro ba ne, kare kai ne daga mummunar fahimta.

Ka fita da sassafe kafin iska ta tashi, musamman a hunturu. Fara daga mita 10. Harba duka, ka zana buhun a takarda, ka rubuta lambar kowace a inda ta faɗa. Yi haka sau biyar kafin ka yanke wa kowace hukunci, kuma ka riƙa cakuɗa su kada ka san wadda ke hannunka. Sannan mita 20, 30, 40. Takardar za ta nuna maka abin da ido ba ya riƙewa: in yau lamba uku ce ta kauce gobe lamba shida, hannunka ne, in lamba uku ce kullum a gefe ɗaya, kibiyar ce.

Wadda ke sauka ƙasa kullum, koma da ita sikeli, ka kuma duba ko gurbinta ya matse tsirkiya. Wadda ke yin gefe, fara da juya ta: ɗana ta ta ɗaya fuskar, tunda babu gashin da zai hana. Sau da yawa wannan kaɗai ke maido ta cikin 'yan uwanta, sai ka sa alama a sabuwar fuskar. In duka kibau ne ke yin gefe ɗaya tare, to taurin kyauro bai dace da ƙarfin bakanka ba. Ga mai riƙe baka da hagu yana ɗora kibiya ta hagun baka, kyauro mai laushi dama yake yi, mai tauri hagu. Mai ɗorawa ta ɗaya gefen kuma akasin haka. Ƙarin nauyin kai na sa kyauro ya yi kamar ya ƙara laushi, rage tsawonsa na sa ya ƙara tauri. Don haka mai laushi a rage masa santimita ɗaya a sake gwadawa, mai tauri a sa masa kai mai ɗan nauyi. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, kuma a yi wa duka tare.

Za a sami ɗaya ko biyu da duk abin da ka yi ba za su bi sahu ba. Cire kan, ka ajiye shi, ka sa wa sabon kyauro. Daga takwas, in shida suka riƙa taruwa cikin faɗin faifai a mita 30, ka sami abin shiga gasa, ko ta ƙauye ce ko ta bikin Argungu, inda harbin kwari da baka ke cikin wasannin da ake yi bayan kamun kifi a Matan Fada. Waɗannan shidan ka ware su, kada ka riƙa ba yara aro, kada ka yi atisayen yau da kullum da su.

Bayan kowane fita, ka goge ƙarafan da tsumma mai ɗan mai saboda tsatsa, ka zura kowane tsini a ƙaramar woshar nan. Wanda ya daki dutse ya naɗe, in ka gyara shi ya gajarta, to sauran biyar ma sai sun koma cikin katako an aske su zuwa tsawonsa. Ka rataye kwarin nesa da ƙasa saboda gara, kibau a tsaye, tsini ƙasa. Da damina ta sauka kuma ka sake bi da su ta sikeli da ƙusoshin bango, domin kyauro na shan laima, nauyinsa da taurinsa na watan Janairu ba su ne na Agusta ba.